Shawara: Wace jitar bes zan saya da ɗan kuɗin da na tara?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina zaune a Agege a gidan kawuna, kuma ina taya shi tsaron shagonsa na kayan masarufi. Na daɗe ina sha'awar koyon kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai zurfin sauti, tun lokacin da na fara tsayawa kallon makaɗa a wuraren biki a nan Legas, har na yi kusan shekara guda ina tara kuɗi dominta. Yanzu wani abokina ya nuna mini hoton wata sabuwa fil mai tsirkiya biyar, an rubuta Fender a kanta, ya ce a Alaba take, kuma kuɗina za su saye ta cif ba saura. Wani kuma ya ce in nemi ta hannu a intanet. Ban taɓa riƙe jita ba, ban san yadda ake gane mai kyau ba. Kawu bai hana ni ba, sai dai ya kafa mini sharaɗi cewa kada maƙwabta su kawo masa ƙara. Ina tsoron kada in yi asarar wahalata. Me ya kamata in yi?

Wani matashi daga Agege

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin cewa ka tsaya ka yi tambaya tun kuɗin suna hannunka, domin mafi yawan masu neman shawara a kan kayan kiɗa sai sun riga sun biya sun kai gida sannan suke zuwa da kuka. Amsata a kan jitar da abokinka ya nuna maka ita ce kada ka saye ta, kuma ina da dalili uku: sunan da ke jikinta, yawan tsirkiyarta, da kuma cewa za ta cinye kuɗinka gaba ɗaya. Na ƙarshen ya fi sauran nauyi.

Bari mu fara da sunan. Fender kamfani ne na Amurka, kuma shi ne ya fito da jitar bes ta lantarki da ta fara karɓuwa a duniya, wato Precision Bass, a shekarar 1951, sannan ya biyo da Jazz Bass a 1960. Yawancin jitar bes da za ka gani a yau daga siffar waɗannan biyun aka samo ta, shi ya sa masu yin jabu suka fi son liƙa wannan suna a kan kayansu. Sabuwar jitar bes ta gaskiya mai ɗauke da sunan Fender, ko mafi araharta, ta haura dala 500 a can ƙasar waje, wadda aka ƙera a cikin Amurka kuwa ta haura dala 1,000, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Ka lissafa wannan da canjin dala na yau, ka kwatanta da abin da yaron shago zai iya tarawa a shekara, za ka ga cewa abin da aka nuna maka ba zai yiwu ya zama na asali ba. Ba ina cewa kowace jabu ba ta kaɗuwa ba ne. Matsalar ita ce wanda ya yarda ya yi ƙarya a kan suna ba ka da hanyar amincewa da shi a kan katakon da ya yi amfani da shi da ƙarfen da ya sa a cikin wuyan jitar, kuma ran da ka so sayarwa duk wanda ya san kan abin ba zai taya da daraja ba.

Batun tsirkiya biyar kuma, na san abin da ke jan hankalin matasa gare ta, domin a Legas makaɗan majami'u da na manyan bukukuwa da yawa ita suke riƙewa, sai mai kallo ya ɗauka cewa mai huɗu ta yara ce. Ba haka ba ne. Jitar bes ta asali tsirkiya huɗu gare ta, ana saita su a kan sautukan E da A da D da G, kuma da ita aka kaɗa mafi yawan kiɗan hailaif da afrobit da rege da kunnenka ya saba da su. Ta biyar ɗin ƙarin tsirkiya ce mai kauri, sautin B, wadda ke sauka ƙasa da E. Tana da amfani ga wanda ya ƙware, amma ga mai koyo tana zuwa da wahala iri biyu. Wuyan jitar yakan fi faɗi, yatsu su sha miƙewa, sannan babban aikin mai kaɗa bes, wanda ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, shi ne danne tsirkiyoyin da ba ya kaɗawa domin kada su riƙa gurnani a ƙarƙashin sautin da yake so, kuma duk tsirkiyar da aka ƙara aikin dannewa ne aka ƙara masa. Ga shi kuma a jita mai araha wannan tsirkiya ta biyar ita ce ta fi fitowa a sake, sautinta a dagule, domin sautin E yana kaɗawa ne kusan sau 41 a daƙiƙa, na B kuwa kusan sau 31, kuma ƙaramar sifika ba ta iya fitar da irin wannan zurfi yadda ya kamata. Idan ka yi shekara biyu ko uku kana kaɗa mai huɗu, hannunka da kunnenka za su gaya maka ko kana buƙatar ta biyar.

Yanzu ga dalilin da na ce ya fi nauyi. Jitar bes ta lantarki ba kamar garaya ko gurmi ba ce da ƙoƙonta ke ɗaga sauti da kansa. Katako ne curarre, idan ba a haɗa ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ba da ƙyar kai kanka za ka ji abin da kake kaɗawa, balle a unguwa irin Agege da ƙarar janareto da ta motoci ba ta yankewa. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a jita ya dawo gida ba amfilifaya, ba wayar haɗa su, ba jaka, to ya sayi abin da ba zai iya koyo da shi ba, kuma irin wannan ne ke sa mutum ya jingine jita a lungu bayan wata biyu ya ce ba shi da baiwa. Shawarata ita ce ka raba abin da ka tara gida uku, ka ware biyu domin jitar, ɗayan kuma ya tafi ga abin jin sauti, da waya mai kyau, da maɗaurin rataya a kafaɗa, da jaka, da ladan mai gyara wanda zai saita maka ita.

Da kashi biyun nan, sunayen da nake so ka riƙe su ne Yamaha da Ibanez da Cort da Squier. Yamaha da Ibanez kamfanonin Japan ne, Cort na Koriya ta Kudu, Squier kuwa sunan da Fender da kansa yake sa wa kayansa masu sauƙin kuɗi, don haka idan siffar Fender ce ta shiga ranka, ga halastacciyar hanyar samunta. Dukkansu suna da jitocin da suka yi domin masu koyo, irin su Yamaha TRBX174, da Ibanez GSR200, da jerin Cort Action, da jerin Squier Affinity, waɗanda galibi a Indunusiya ko Sin ake ƙera su, kuma sababbinsu a ƙasar waje sukan kama daga kimanin dala 200 zuwa 350. Kada rubutun ƙasar da aka ƙera ta ya tsorata ka, domin abin dubawa shi ne kamfanin da ya sa ido a kan aikin. Farashinsu a naira yana bin dala ne, saboda haka ka zagaya shago uku ko huɗu ka ji da kunnenka kafin ka tsayar da magana. Idan sabuwa ta fi ƙarfinka, kuma ina kyautata zaton za ta fi, to ta hannu daga ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba. Ƙujewar fenti da ɗan tabo a jiki ba sa taɓa sauti, hasali ma su ne za su ba ka bakin neman ragi.

Akwai bambanci guda da ya kamata ka sani kafin ka shiga kasuwa. Wasu jitocin suna aiki da batir mai bolt 9 da ake sakawa a bayansu, wasu kuma ba sa buƙatar batir ko kaɗan. Masu batir suna ba da damar juya sauti iri-iri, amma idan ka manta waya a soke cikin jitar batir yana ci gaba da zuƙewa, kuma ran da ya mutu sauti yakan dagule ko ya ɗauke ɗungurungum. TRBX174 da mafi yawan Squier Affinity masu tsirkiya huɗu ba su da batir, GSR200 kuwa tana da shi. Ga mai koyo na fi son marar batir, saboda abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya liƙin waya zai iya duba ta. Launi da ƙyalli kuwa ka zaɓi wanda ranka ke so, ba ni da ta cewa a nan.

Inda nake so ka fi ba da hankalinka shi ne wuyan jitar, domin kusan komai na jikinta ana iya canzawa da kuɗi kaɗan, amma wuyan da ya murɗe gyaransa yakan fi kuɗin jitar. Tsirkiyoyin bes masu kauri ne, suna jan wuyan da ƙarfi dare da rana, shi ya sa ake saka sandar ƙarfe a cikinsa wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli domin ta daidaita wannan ja. Idan an miƙo maka jita, ka fara da ɗaga gindinta zuwa saitin idonka ka hango tsawon wuyan har zuwa kai. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, haka ake so. Abin gudu shi ne ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ko ka ga tudu da kwari a tsakiya. Bayan haka ka danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen farko cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan da hannun hagu, ka danne ta a kan na ƙarshe da hannun dama, ka dubi tsakiya: ya kamata a sami ɗan sarari tsakanin tsirkiyar da ƙarafan, wanda bai kai kaurin katin ATM ba. Idan ta kwanta a kansu sarai, ko kuma sararin ya yi yawa, to sai an juya sandar cikin, kuma a nan ne za ka roƙi mai shago ya juya ta kaɗan a gabanka. Idan ya ce makullin ya ɓace, ko aka gwada ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kama komai, ka mayar masa da kayansa cikin mutunci ka yi gaba, ko nawa ya rage maka.

Sai tsayin tsirkiya daga wuya. Ka saki hannunka ka duba a daidai ƙarfe na 12, inda galibi ake sa ɗigo biyu: tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen kada ta wuce kimanin milimita 2 zuwa 3. Na ga matasa da dama da suka bar koyo suna cewa yatsunsu ba su da ƙarfi, alhali jitar ce tsirkiyarta ta yi sama har ƙwararre ma zai ji jiki. Daga nan ka bi kowace tsirkiya, ka danna ta a kowane gurbi tun daga sama har ƙasa kana kaɗawa a hankali, ko da ba ka iya komai ba, kana sauraron inda sauti zai mutu ko ya yi zizar ƙarfe. Ziza kaɗan a ko'ina saiti ne ke gyara ta, amma idan a gurbi ɗaya ko biyu kawai take, alama ce ta ƙarfen da ya tashi ko ya cinye. Ka shafa hannunka a gefen wuyan ka ji ko bakin ƙarafan yana karce fata. Ka murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ka tabbatar ba sa zamewa, ka duba jakin da tsirkiyoyi ke hawa a gindi ko tsatsa ta cinye ƙusoshinsa, sannan ka dubi inda wuya ya haɗu da jiki da kuma bayan kai ko akwai tsaga.

Kada ka biya sai an soka ta a amfilifaya ka ji. Ka juya kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana sauraron ƙarar karce-karce, ka girgiza kan wayar a cikin raminta ka ga ko sauti zai yanke. Waɗannan ƙananan gyare-gyare ne, amma a cire kuɗinsu daga farashi. A ƙarshe ka rataya ta a kafaɗa ka tsaya da ita na ɗan lokaci. Jitar bes takan kai kilo 4, wata ta fi, kuma tsawon tsirkiyarta daga jaki zuwa kai inci 34 ne a mafi yawansu. Idan hannunka gajere ne akwai masu inci 30, kamar Squier Bronco, sai dai ba lalle ka same su da sauƙi a nan ba, don haka ka gwada Ibanez, wadda aka san ta da siririn wuya. In kai bahago ne, ka faɗa tun da wuri, domin akwai waɗanda aka yi musamman domin bahagwai.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin idon wanda ya saba ba. Ka ce kana tsayawa kallon makaɗa a wuraren biki. To, idan sun tashi, ka je ka gai da mai kaɗa bes da ladabi, ka gaya masa buƙatarka, ka nemi ya raka ka kasuwa ka biya masa kuɗin mota da ɗan abin goro. Ko Bayarabe ne ko Ibo, ko a majami'a yake kiɗa ko a gidan biki, yawancinsu suna jin daɗin ganin yaro mai son sana'arsu, kuma sau da yawa su ne suka san wanda ke son sayar da tsohuwar jitarsa domin ya sayi babba, wanda wannan ita ce hanya mafi aminci ta samun ta hannu. Kasuwar Alaba da ke Ojo, kusa da Alaba Rago da mutanenmu suka sani, tana da shagunan kayan kiɗa masu yawa, kuma kamar kowace babbar kasuwa akwai nagari akwai akasinsa, saboda haka ka wuce 'yan kamasho da ke tarar mutane a bakin hanya ka shiga shago mai suna da mazauni. Idan kuma a shafin saye da sayarwa na Jiji ko a Facebook ka ga wadda ta yi maka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ba a tura ko sisi kafin a gani, kuma haɗuwar ta kasance da rana, a wurin da jama'a suke kuma akwai wutar gwaji.

Sharaɗin kawu yana da sauƙin cikawa, kuma ina ganin ya yi maka adalci. Sautin bes yana ratsa bango fiye da sauran sautuka, ta yadda ko ka rage murya maƙwabcin da ke ɗaki na uku zai ji bugunsa a ƙirjinsa. Maganin wannan shi ne abin sauraro na kunne. Ƙananan amfilifayoyin koyo, irin su Fender Rumble mai wat 15 ko 25, suna da ramin soka shi, da wani ramin da za ka haɗa wayarka ta salula ka riƙa bin kiɗa. Akwai kuma 'yar ƙaramar na'ura, kamar Vox amPlug ta bes, wadda ake sokawa kai tsaye a jikin jitar, tana aiki da ƙananan batura biyu, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. A halin da kake ciki, ni da ita zan fara, in bar babbar amfilifaya sai ranar da za a fara kiɗa tare da mai ganga, lokacin da za a buƙaci wat 100 ko fiye, kuma galibi wuraren atisaye suna da tasu. Ka kiyaye abu biyu a nan. Kada ka soka bes a amfilifayar jita ta yau da kullum ko a sifikar rediyon gida ka ƙure murya, domin zurfin sautin yana iya yaga sifikar. Sannan idan amfilifaya ta tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, za ka saya, ka karanta rubutun da ke bayanta da kyau: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, ta Japan 100, kuma na'urar da aka yi domin can idan aka soka ta a bangonmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, nan take za ta ƙone. In kuma ka taɓa jin tsirkiya ta ɗan ja ka, ka cire filogi nan da nan ka kira mai gyaran wuta, kada ka ce za ka daure.

Iskar Legas ma sai ka yi shiri da ita. Laimar damina, musamman a watannin Yuni da Yuli, da gumin hannu suna sa tsirkiya tsatsa da wuri, kuma tsirkiyar bes tana da tsada, don haka ka ajiye busasshen ƙyalle ka goge su duk lokacin da ka gama, ka mayar da jitar cikin jakarta, kada ka jingine ta a bangon da ke tsattsafo ko kusa da taga. Idan hunturu ya shigo, ko ka tafi da ita gida Arewa inda iska ta bushe, katako zai motsa kuma saitin zai canza. Wannan ba lalacewa ba ce, mai gyara zai daidaita ta cikin ɗan lokaci. Na'urar saita sauti ba sai ka saya ba tukuna, akwai manhajoji na kyauta a waya da ke yin aikin, haka ma na ƙirga bugu, wanda mai kaɗa bes ya fi kowa buƙatarsa tunda shi da mai ganga ne ke riƙe da tafiyar kiɗa.

Ranar da za ka biya, ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin jitar, da lambar da ke bayan kanta, kuma ka nemi a rubuta kwanakin da aka yarda ka dawo da ita idan wani aibi ya bayyana. Idan daga hannun mutum ka saya, ka tambaye shi rasit ɗinsa na asali ko ku rubuta 'yar takardar ciniki da shaida, saboda kayan kiɗa na cikin abubuwan da ake sacewa. Ka nuna wa kawu rasit ɗin da abin sauraron kunnen idan ka isa, domin hankalinsa ya kwanta. Kuma ka ware kuɗin dawowa tun daga gida, domin tafiya daga Ojo zuwa Agege da doguwar jita ba wasa ba ce: kada ka yarda kwandasta ya cusa ta a but ƙarƙashin kayan mutane, ka biya kuɗin kujera biyu a danfo ka riƙe ta a tsaye kusa da kai.